Sandar Barenboim: Mai Wa'azin Sauraro da Iyakar Abin da Kiɗa Zai Iya

A watan Fabrairun 2025 Daniel Barenboim ya shaida wa duniya cewa cutar Parkinson ce ke damunsa, wato ciwon jijiya mai sa gaɓoɓi nauyi da karkarwa. Shekara biyu kafin nan ya ajiye shugabancin kiɗa na gidan opera na gwamnati da ke Berlin, bayan ya riƙe shi shekara talatin. Mutumin da duk abin da ya samu a duniya da yatsu goma da 'yar sanda ya same shi, yau hannun ya fara ƙin bin umarni. Lokaci ya yi ke nan da za a zauna a auna aikinsa tun yana raye, kafin zuwan ranar da ba a faɗin komai sai alheri.

Yawanci idan sunansa ya fito a labaran da muke karantawa, siyasa ce ta kawo shi: Bayahude ɗan Isra'ila da ya karɓi fasfo na Falasɗinu, wanda ya haɗa matasan Larabawa da na Isra'ila a ƙungiyar makaɗa guda. Mu daga kiɗan za mu fara, domin daga can siyasar ta tsiro. Rayuwarsa gaba ɗaya kan magana ɗaya ya gina ta, cewa wanda ya iya sauraro ya iya zama da mutane. Za mu bi wannan magana mu ga inda ta tsaya da ƙafarta da inda ta gaza.

Takarda da mai karanta ta

Sai mun ɗan share fage game da sana'ar tukuna. A wurinmu makaɗi shi ne mai waƙarsa, shi ya tsara, shi ke rerawa, 'yan amshi na karɓa. Kiɗan gargajiyar Turai ya raba aikin gida biyu. Mawallafi irin su Mozart ko Beethoven yakan rubuta kiɗansa a takarda da alamomi, ya mutu ya bar ta, na baya su ɗauka su buga. Idan kiɗan na mutum ɗaya ne, kamar na fiyano, to tsakaninsa ne da takardar. Idan kuwa na babbar ƙungiya ce da ake kira okestira, mai mutum tamanin zuwa ɗari, masu goge manya da ƙanana da masu busa da masu ganguna, sai an sami wanda zai tsaya gabansu da sanda ya ba da taki, ya nuna wa kowa inda zai shigo, ya yanke hukunci kan abin da takarda ta yi shiru a kansa. Shi za mu kira madugu. Barenboim ya haɗa fiyano da sanda, kuma a kowanne ya kai sahun gaba, abin da ba kasafai ake samu ba.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, takardar kiɗa ta yi mana kama da abin da muka sani: jerin umarni ne, wannan na bin wancan. Sai dai kwamfuta idan ka ba ta umarni sau dubu, sau dubu za ta maimaita abu guda. Yau akwai manhajar da za ta buga maka dukan sonatocin fiyano 32 na Beethoven ba kuskure ko ɗaya, kuma ba wanda zai yanki tikiti don ya saurare ta. Takarda takan ce a sassauta, amma ba ta faɗi ko nawa ba. Takan ce a ƙara ƙarfi, ba ta faɗi daga ina ƙarfin zai taso ba. A wannan giɓin makaɗi ke cin abincinsa, a nan kuma ake gane wane ne wane.

Yaron da aka hana zuwa Berlin

An haife shi ranar 15 ga Nuwamba 1942 a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, a gidan Yahudawa da asalinsu daga Rasha suka yi ƙaura. Uwa da uba duk malaman fiyano ne. Uwar ta fara ɗora shi yana ɗan shekara biyar, uban ya karɓa, kuma bayan uban bai sake yin wani malamin fiyano ba. A 1950, yana da shekara bakwai, ya yi wasansa na farko gaban jama'a. A 1952 gidan suka koma Isra'ila. A 1954 aka kai shi Salzburg ta Ostiriya don koyon jagorancin makaɗa, a can ne ya buga wa Wilhelm Furtwängler.

Furtwängler shi ne babban madugun Jamus na zamanin, kuma mutum ne mai tabo, domin ya zauna a ƙasar yana jagorantar makaɗa kusan duk tsawon mulkin Hitler. Ya yaba yaron matuƙa, ya gayyace shi ya buga da makaɗan Berlin. Uban ya ƙi. A ganinsa, shekara tara kacal bayan kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, lokaci bai yi ba da ɗan Bayahude zai taka birnin. Furtwängler ya rasu a Nuwamban wannan shekara. Yaron bai yi karatu a gabansa ba, amma duk wanda ya saurari Barenboim ya san hannun wa ya gada, kuma Berlin ɗin da aka hana shi zuwa ita ta zama gidansa daga baya.

Sauran tafiyar a gurguje za mu bi ta. Ya yi karatu a Paris wurin Nadia Boulanger. A shekarun 1960 ya zauna Landan, ya fara ɗaukar sanda, ya auri Jacqueline du Pré, mai babban gogen nan da ake kira celo, a birnin Ƙudus a 1967. Ciwon jijiya ya raba ta da goge a 1973, ta rasu a 1987 tana da shekara 42. Shi kuwa ya jagoranci makaɗan Paris daga 1975 zuwa 1989, na Chicago daga 1991 zuwa 2006, gidan opera na La Scala a Milan daga 2011 zuwa 2014, ga kuma Berlin daga 1992 zuwa 2023. A can, kwana uku bayan buɗe katangar da ta raba birnin, ranar 12 ga Nuwamba 1989, shi ya buga fiyano ya kuma jagoranci wasan Beethoven da aka yi kyauta ga mutanen Jamus ta Gabas.

Sautin da ke mutuwa tun daga haihuwa

Abin da Barenboim ya fi maimaitawa, a laccocin da ya gabatar a BBC a 2006 da kuma hirarrakinsa, shi ne cewa sauti daga shiru yake fitowa kuma can yake komawa, kamar dutsen da aka jefa sama. In ba a ci gaba da ba shi ƙarfi ba, faɗuwa zai yi. Mai goge yana iya riƙe sauti ya ƙara masa ƙarfi muddin bakansa na tafiya. Mai fiyano ba shi da wannan gata: 'yar guduma ta bugi tsirkiya, shi ke nan, sautin ya fara mutuwa. Saboda haka duk abin da muke ji kamar fiyano na rera waƙa, dabara ce ta yadda ake ɗora sauti na biyu daidai inda na farko ya kai a faɗuwarsa. Wannan kuwa sai da kunne. Sai ka saurari abin da ka riga ka buga kafin ka san yadda za ka buga na gaba.

Daga nan ya ɗauko ra'ayinsa kan taki. A wurinsa saurin kiɗa shi ne abu na ƙarshe da ake yankewa, bayan an san nauyin abin da za a faɗa da irin ɗakin da ake ciki. Wannan shi ne gadon Furtwängler: taki mai numfashi, a ja inda kiɗa ya yi nauyi, a saki inda ya ɗauki zafi. Ya riƙe wannan a daidai lokacin da duniyar kiɗan ta juya wani gefe. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 wasu madugai irin su Nikolaus Harnoncourt da Roger Norrington da John Eliot Gardiner suka koma kan kayan kiɗa irin na da, da ƙananan ƙungiyoyi, wasunsu har suna bin lambobin sauri da Beethoven ya rubuta da kansa. Kiɗansu ya fito sakayau, da sauri da kaifi. Barenboim ya ƙi bi. Da ya naɗi simfoni tara na Beethoven da makaɗansa na Berlin a 1999, sauti ne mai kauri da duhu, wanda ake ginawa daga manyan goguna masu murya ƙasa a hau sama.

Mu dai muna ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Inda kiɗa ke buƙatar dogon numfashi, kamar operar Tristan da Isolde ta Wagner, wadda ya fara jagoranta a Bayreuth a 1981, da wuya a sami wanda ya fi shi. Kiɗa ne da ke ɗage biyan bukata har kusan awa huɗu, shi kuwa ya san yadda zai riƙe igiyar ba ta tsinke ba. Haka kashi na biyu na sonata ta 32 ta Beethoven, inda yakan bar sauti ya narke cikin shiru har mutum ya kasa cewa ga inda kiɗan ya ƙare. Amma inda kiɗa ke son wasa da raha, kamar wasu ayyukan Mozart ko na Beethoven yana matashi, yakan aza masa kayan da suka fi ƙarfinsa, kamar mai sa wa yaro babbar riga. Akwai kuma aibin da yawan aiki ya jawo. Mutumin da ya riƙe Chicago da Berlin a lokaci guda yana kuma yawon buga fiyano, dole wata rana ya hau dandali bai gama shiri ba, ya dogara da basira. Masu sharhi sun daɗe suna faɗin haka, kuma kunne na gaskata su. Sonatocin nan 32 sau biyar ya naɗe su, na farko a shekarun 1960, na ƙarshe a 2020 lokacin kullen korona. Na farkon sun fi tsabtar yatsa. Na ƙarshen yatsa ya yi nauyi, amma tunani ya yi zurfi. Mai son fara sauraronsa a waya, ya nemi wasannin da ya yi a Berlin a 2005 da darussan da ya ba matasan makaɗa a lokacin, ciki har da Lang Lang na Sin. A can za a ga yadda yake tsayar da ɗalibi kan 'yan sautuka kaɗan yana neman ya san daga ina suka fito, ina kuma suka dosa.

Wagner a birnin Ƙudus

Richard Wagner gwani ne, kuma maƙiyin Yahudawa ne a fili. A 1850 ya wallafa maƙala yana aibata su, daga baya Hitler ya ɗauke shi gwarzo. Tun 1938 makaɗan Yahudawa a Falasɗinu suka daina buga shi, al'adar ta ci gaba bayan kafa Isra'ila ba tare da wata doka ba. Ranar 7 ga Yuli 2001, a wani bikin kiɗa a Ƙudus, bayan an gama abin da ke cikin shiri, Barenboim ya juyo ya tambayi jama'a ko suna son jin Wagner, ya ce wanda ba ya so yana iya fita. Aka yi kusan rabin awa ana cacar baki, wasu suka fice cikin fushi, mafi yawa suka zauna, ya buga mabuɗin Tristan. Wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya nemi a ƙaurace masa.

Hujjarsa tana da ƙarfi: ba a tilasta wa kowa ji ba, don haka kada a hana mai so. Amma masu shirya bikin sun riga sun sa ya cire Wagner daga shirin, ya kuma amince. Wanda ya tsira daga sansanin mutuwa ya sayi tikiti bisa wannan alkawari, sai ga shi an ba shi zaɓi tsakanin zama da fita a gaban jama'a. An tambayi mutane, gaskiya ne, amma makaɗa na zaune da takardun a gabansu tun kafin tambayar. A wannan dare aka ga halinsa duka biyu a wuri guda, ƙarfin zuciya da kuma tabbacin cewa shi ya fi kowa sanin abin da ya dace.

Diwanin Gabas da Yamma

A farkon shekarun 1990 ya haɗu da Edward Sa'id a wani otal a Landan. Sa'id Bafalasɗine ne haifaffen Ƙudus, farfesan adabi a Jami'ar Columbia, marubucin littafin Orientalism, kuma shi ma ya iya fiyano. Abota ta ƙullu. A 1999 suka tara matasan makaɗa daga Isra'ila da ƙasashen Larabawa a Weimar ta Jamus, garin mawaƙi Goethe, kusa da sansanin Buchenwald na 'yan Nazi. Suka raɗa wa ƙungiyar sunan diwanin waƙoƙin da Goethe ya wallafa a 1819 bayan ya karanta Hafiz na Farisa, wato Diwanin Yamma da Gabas. Kalmar diwani ɗin nan ita ce dai wadda almajiranmu suka sani. Sa'id ya rasu a 2003, ƙungiyar ta ci gaba da mazauni a Seville ta Sifaniya.

Tunanin da ke bayanta shi ne wanda muka gani a fiyano. A okestira kowa aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya: yana faɗin nasa, yana sauraron na kusa da shi. Masu goge biyu-biyu suke zama kan takarda guda, dole ɗan Siriya da ɗan Isra'ila su daidaita sauti ɗaya, su ja baka tare. Barenboim ya sha cewa ƙungiyar ba za ta kawo zaman lafiya ba, yaƙi da jahilci kawai take yi. Har yarjejeniyar Oslo da ma'aunin kiɗa ya auna ta, ya ce taki ne ya lalace: an yi gaggawar shiri, aka yi jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Bai tsaya kan kiɗa ba. A 2004, da aka ba shi lambar yabo ta Wolf a zauren majalisar Isra'ila, ya tambaya ko mamayar wata al'umma ta dace da takardar shelar 'yancin ƙasar. A Agustan 2005 ya kai ƙungiyar Ramallah suka buga simfoni na biyar na Beethoven. A 2008 ya karɓi zama ɗan ƙasar Falasɗinu. A Mayun 2011 ya shiga Gaza ta Masar da makaɗa daga ƙungiyoyin Turai. A 2018, bayan dokar da ta ayyana Isra'ila ƙasar Yahudawa, ya rubuta a jarida cewa yana jin kunyar zama ɗan ƙasar. Wanda ya ce wannan duk neman suna ne bai yi masa adalci ba, domin ya biya kuɗinsa da zagi daga mutanensa.

Amma wasan Ramallah ɗin shi ya fi nuna iyakar abin. Sai da gwamnatin Sifaniya ta ba makaɗan fasfo na diflomasiyya kafin su iya haɗuwa a garin. Daidaiton da aka samu gaban takardar Beethoven, aron sa aka yi na 'yan awoyi daga wata ƙasa, da aka tashi kowa ya koma matsayinsa a shingen bincike. Wannan ce ta sa ƙungiyar Falasɗinawa masu kiran ƙaurace wa Isra'ila a fagen ilimi da al'adu, PACBI, ta soki aikin da cewa yana nuna ɓangarori biyu kamar daidai suke, alhali ɗaya na mamaye da ɗaya. Matar Sa'id, Mariam, ta kare shi. Mu muna ganin sukar ta taɓa gaskiya ko da ba ta gama da ita ba. Rikicin ƙasa ne da ruwa da iko, ba rashin sanin juna kaɗai ba, kuma masu tafi a Salzburg da Landan suna iya komawa gida da sanyin zuciyar da ba su biya komai a kansa ba. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa sai a gaban Beethoven za a haɗu? Makarantar Barenboim da Sa'id da aka buɗe a Berlin a 2016, inda matasan yankin ke karatun kiɗa haɗe da falsafa da tarihi, ita ce amsa mafi ƙwari da ya bayar, domin ita ba dare ɗaya ba ce.

Wanda ke riƙe da sanda

Saura matsala guda, kuma a cikin misalin nasa take. Okestira ba majalisa ba ce. Mutum ɗari suna sauraron juna ne a ƙarƙashin mutum ɗaya da ya riga ya yanke taki. A farkon 2019 mujallar kiɗa ta VAN ta wallafa koke-koken makaɗa da ma'aikatan da suka yi aiki da shi a Berlin, suna zargin tsawa da wulaƙanci gaban jama'a da zaman tsoro. Wani tsohon mai ganga ya fito da sunansa ya ce abin ya taɓa lafiyarsa. Barenboim ya musanta zalunci, ko da yake ya amince yana da zafin rai. Wakilan makaɗan suka mara masa baya, aka tsawaita kwantiraginsa zuwa 2027. Ba mu ne alƙalai ba, amma mai sharhi ba zai tsallake wannan ba. Mutumin da ya gaya wa al'ummomi biyu cewa maganinsu sauraro ne, na ƙasa da shi sun ce bai saurare su ba. Wa'azi ya fi sauƙi a kan na nesa.

Wannan bai rushe maganarsa ba, ya dai nuna inda ta tsaya. Sauraro a kiɗa fasaha ce da ake koya, kuma mutum na iya ƙwarewa a cikinta ba tare da ta gangaro cikin halinsa ba. Furtwängler da Wagner da ya gada sun ishe mu shaida. Barenboim ya fi su nesa ba kusa ba wajen tsayawa kan gaskiya a bainar jama'a, amma shi ma bai kuɓuta daga jarabar sanda ba.

A Agustan 2024, yaƙin Gaza na ci, ya kawo ƙungiyar Diwan bikin kiɗa na BBC a Landan. A zaune ya jagoranta, hannu da ƙyar yake ɗagawa, suka buga Brahms da simfonin Schubert mai tsawon kusan awa guda. Idan madugu ya rage motsi haka, makaɗa ba su da madogara sai kunnensu da na kusa da su. Shekara ashirin da biyar yana cewa abin da yake koya musu ke nan. Ko sun koya, za a gani ne ranar da kujerar ta zama babu kowa, a ga ko ɗan Ramallah da ɗan Tel Aviv za su ci gaba da zama kan takarda guda.